Matar Saja

"Muntaka ya sace matar Saja! Ku fito ku ji, Muntaka ɓarawo ne!"

Muryar Mama Monica ce ta tsaga unguwar tun rana ba ta yi zafi ba. Mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta a wuta. 'Yan acaɓa da suka ɗauki hanyar Danko suka juyo da baburansu. A gari irin Zuru, inda da wuya ka sami gidan da babu soja, ba a jin an sace matar saja a wuce.

Sai da suka cika mata tsakar gida, har da mai unguwa da aka taso daga karin kumallo, sannan ta nuna musu gidan da aka yi satar. Keji ne na waya, rataye a rumfa. A ciki 'yan tsuntsaye biyu ne, masu ruwan ƙasa da ratsin fari, ba su kai ɗan tsako ba. Ɗaya a kan sanda, ɗaya kwance cikin ƙoƙon da aka shimfiɗa wa ciyawa.

"Ku yi dariyarku ku gama," in ji ta. "Na kan sandan nan shi ne Saja. Na cikin sheƙa kuwa ban san shi ba."

Philip, autanta soja, shi ya kawo mata su daga Legas. Ya ce sunansu sosayati. Bakinta ya ƙi kalmar, amma da ya ce ma'anarta zumunta, sai ta ce ai ta gani, tunda sheƙa ɗaya suke cusa kansu su kwana. Ranar da zai koma bakin daga ya rataya jakarsa ya ce, "Mama, miji da mata ne. Kafin in dawo ki cika mini kejin nan." Shi da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta riƙe maganar gam, kamar cikar kejin ce za ta jawo shi gida.

Tun daga nan gero sai ta sheƙe shi sau biyu. Acca, alayyahu, dakakken ɓawon ƙwai, babu abin da ba ta ba su ba. Saja ya yi ta miƙe wuya yana kumbura gashi, yana waƙa yana tsalle. Matarsa Madam ta yi ta kallonsa, ko ƙwai ɗaya.

"Mai unguwa, ka bi maganata da kyau," Mama Monica ta ce, tana lanƙwasa yatsu. "Na tafi Ribah taron zumuntar mata. Wa na bar wa makulli? Wannan. Na dawo, me na tarar? Ƙwai huɗu, farare tas! Na yi rawa a wurin nan har zanena ya kwance. Na kai kaza coci. Yau da safe ina wanke baki, sai na ji waƙa biyu. Na juyo, ga Madam ta miƙe wuya tana rawar maza! Philip ya gaya mini macensu ba ta waƙa. To, namiji yana ƙwai?"

"Ba ya yi," taron ya amsa.

"Mace ta yi ƙwai, mace ta ɓace, an ajiye mini ƙato a ɗakinta. Ban yi boko ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba."

Muntaka, maƙwabcinta mai baibayar ɗaki, yana tsaye jikin rumbu yana murza hularsa.

"Inna, mi zan yi da tsuntsuwa? Ko miya ba ta yi."

"Kada ka ce mini Inna! Ni na yi wankan jegonka?"

"Dubi farin da ke goshinta. Ita ce dai."

"Kama ce. Ɓarawon kirki ai da mai kama yake musanya."

Mai unguwa ya gyara zama a kan turmi, ya buɗe baki zai yi magana, sai mai ƙosai da ta manna fuska a jikin keji ta yi ƙara.

"Mama! Abu yana motsi!"

Na cikin sheƙar ya ɗaga kansa, ya fito da rabin ɓawon ƙwai a baki. Ƙarƙashinsa wani ɗan tsoka ne ja, tsirara, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana ɗaga kan da ya fi ƙarfin wuyansa. Kusa da shi wani ƙwan ya tsage.

"Yesu mai ceto!" Mama Monica ta ture mutum biyu da gwiwar hannu. "Ku ja baya! Kuna shanye musu iska! Kai mai babur, ka yi tari a nan sai na fasa maka baki!"

Ta rangaɗa guɗa, ta toshe bakinta da kanta, ta sake rangaɗawa a hankali. Saja ya diro daga sanda, ya ciko maƙoshi da gero, ya shige ƙoƙon. Mazan nan biyu suka haɗa kai a kan ɗan, wannan ya ɗura masa, wancan ya rufe shi da fiffike. Tsakar gida ta kaure. Wani tsohon soja ya ƙame ya sara wa keji.

"Ka gani, mai unguwa? Marayu! Uwarsu tana hannun wannan mutumin, ubansu da baƙo suna reno."

Muntaka ya share zufa. "Ranka ya daɗe, bari in faɗi gaskiya kafin Inna ta ɗaure ni. Madam ba ta taɓa yin ƙwai ba. Yaro ne, sai yanzu muryarsa ta buɗe. Ƙwan kuwa ni na sa. Da na yaye tsohuwar jinkar madafar can, sai na iske sheƙar baiwar Allah a ciki. Na kasa zubarwa. Na san waɗannan ba su ƙin ƙwan kowa, sai na zuba musu, suka haye. Da ta dawo na ga tana rawa, wa ya isa ya tsayar da ita?"

Kowa ya san baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shiga madafa tana tsintar tsaki ba ta tsoron mutum. Aka fashe da dariya. Wani ya ce ashe Philip barikin soja ya kawo wa uwarsa.

Mama Monica ba ta yi dariya ba. Ta dubi sabuwar jinkar. A bakinta wata 'yar tsuntsuwa ce mai ja a gindin wutsiya, tana leƙa ciyawa, ta tashi, ta dawo daidai wurin, ta sake leƙawa. Tun dawowarta daga Ribah take ganinta a nan, har ta taɓa korarta da tsintsiya.

"To, magana ta ƙare," in ji mai unguwa. "Babu sata. Keji kuma ga shi zai cika."

"Ta ƙare a ina?"

"Mama, wa ya sa shi ya canja jinkar?"

"Ni na sa shi. Na ce ya yaye ciyawa, ban ce ya yaye uwa ba." Ta kamo hannun rigar Muntaka, ta ja shi har gindin madafa, ta nuna sama da leɓe. Muryarta ta sauka, amma ba ta yi laushi ba. "Ka gan ta? Kullum nan take zuwa. An kwashe mata nata an kai bariki, an rufe da waya, ba wanda ya gaya mata ko suna raye. Ni zan ciyar da su, wannan ba damuwarka ba ce. Amma kai da ka ɗauka, da kai mai unguwa da ka ce magana ta ƙare, ba mai fita gidan nan sai ɗayanku ya tsaya ya yi wa baiwar Allahn nan bayani. Ina jin ku."