Sukarin Neman Itto

Bassu dai ba ya jin magana. Alfadararsa lafiyarta ƙalau, amma da yake motar Lahsan direba ce ta farko da ta taɓa hawowa duwatsunmu na Atlas, sai ya rantse a cikinta zai je neman auren Itto, bazawarar nan mai saƙar darduma a hayin tafki. Ya sayi curin sukari biyu a shuɗiyar takardarsu, ya cusa ƙarƙashin kujera. Wanda bai dire sukari a gaban uban mace ba, ai bai ma fara magana ba. Ga shi kuma wani mai tumaki zai kai nasa washegari.

Suna gangarowa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Tafki ya cika ya batse, ya haɗiye hanya. Lahsan ya ce a juya, Bassu ya ce nan alfadararsa ke ratsawa ko ruwa ya kai mata ciki, balle wannan ƙatuwa. Mota ta shiga, ta yi tari biyu, ta mutu. Wallahi har tsawa Bassu ya daka mata, yana dukan gefenta da sanda.

"Gwada ba ta sha'ir mana, abincin alfadararka," in ji Lahsan.

Sai da ruwa ya kai musu gwiwa Bassu ya tuna da sukari. Ya laluba, ya ciro takarda jagab, babu komai a ciki. Haka ya ratsa ruwan da ƙafa, ya isa gidan Baba Akka, uban Itto, taɓo har gemu, kunya kamar ta kashe shi. Ya ajiye takardun a kan tabarma.

"Ina sukarin?"

"Tafki ya shanye, Baba."

Mazan da ke zaune a wurin suka kwashe da dariya, amma tsohon ya ɗaure fuska, ya ce al'ada al'ada ce.

Itto tana ji daga bakin masaƙarta. Ta ɗauki buta ta fita cikin yayyafi, ta ɗebo ruwan tafkin, ta dafa shayi da na'a-na'a, ta kawo da kanta.

"Baba, ga sukarinsa nan. Har bakin ƙofarmu ya kawo shi."

Baba Akka ya kurɓa. Ɗaci ya murɗe masa baki. Ya dubi 'yarsa, ita ma ta dube shi, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ya yi zaƙi," ya ce, ya ɗaga hannuwa a yi Fatiha.