Talo-talon Sallah a Hindawiyya

Shekara talatin da takwas Mukhtaru ya yi yana gasa tsire a wani lungu na Hindawiyya, irin tsiren da mutanen Makka suke kira siriya. A nan aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano ya zo aikin Hajji, bai koma ba. A shekarar 2014 tari ya kwantar da shi wata guda a asibiti, kuma ranar da za a sallame shi likita ya gaya masa abu biyu: huhunsa ya gama shan hayaƙi, sannan ya bar cin jan nama. Mukhtaru bai yi musu ba. Ya rufe rumfarsa, ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma ya ɗora a kan kwaba, ya koma zaman gida.

Tun yana da ƙarfinsa yana da wata al'ada. Duk ƙaramar Sallah, a rana ta biyu, ɗaliban Najeriya da ba su samu tafiya gida ba sukan taru a falonsa, ya gasa musu nama su ci har su bari. Sallah biyu a jere ba a yi wannan taro ba. Shi bai taɓa ɗaga maganar ba, amma 'yarsa Munira, wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata kuma take zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ta lura cewa a waɗannan ranakun ko wanka ba ya yi da wuri.

A tsakiyar azumin 2016 ƙanenta Hamad, da yake aiki a wani kamfani a Jidda, ya bugo mata waya. Ya ce wani Bature abokin aikinsa ya gama wa'adinsa zai koma ƙasarsu, ya bar masa wani murhun gashi da buhu huɗu na makamashinsa, shi kuwa ba shi da inda zai ajiye. Munira ta tambaye shi yadda abin yake aiki. Da ya gaya mata cewa a rufe yake gashi, kuma ba sai mutum ya tsaya a kansa yana fifita ba, sai ta ce ya kawo shi gida kafin Sallah, ya kuma biya babban kanti ya taho da talo-talo guda, wanda ya fi kowanne girma. Naman tsuntsu dai likita bai hana ba.

Mutum uku ne suka hau da murhun saman bene. Baƙi ne, kamar ganga a kwance a kan ƙafafu huɗu, da ɗan bututun hayaƙi a gefe guda. A ɗaya gefen akwai akwati da ake cikawa da ƙwayoyin itace, wato garin katako da aka matse ya zama gutsi-gutsi kamar abincin kifi. Idan an jona shi da lantarki, wani ƙarfe mai murɗawa yana tura ƙwayoyin kaɗan-kaɗan zuwa ɗan kaskon wuta da yake can ƙasa, fanka tana hurawa, wani ɗan gilashi kuma yana nuna yawan zafin.

Mukhtaru ya hau benen a hankali, yana hutawa a kowane hawa, ya zagaya murhun sau ɗaya. Ya ɗebi ƙwayoyin ya shinshina. Hamad yana ta yi masa bayani da Larabci, domin Hausarsa ba ta kai nan ba. Da ya gama, tsohon ya zuba ƙwayoyin inda ya ɗebo su, ya ce wutar da mutum ba ya gani da idonsa shi bai san yadda ake gashi da ita ba. Ya sauka abinsa.

Munira ba ta ja maganar ba. Ta sa talo-talon a ƙasan firiji, da yake a daskare ya zo, kilo bakwai da ɗoriya, ta bar shi kwana uku yana sakin ƙanƙara. Sannan ta sa Hamad ya kira Malam Abdulwadud, wani ɗan Zariya da yake karatun hadisi a jami'a kuma ya fi sauran ɗaliban daɗewa, ya gaya masa cewa bana akwai taro, ya sanar da 'yan uwa. Ba ta gaya wa mahaifinta ba sai ranar jajibiri. Ya dube ta ya ce, tunda ita ta gayyato su, ita ta san abin da za ta ba su.

Ranar Sallah da la'asar, bayan masu gaisuwa sun ragu, ta fito da talo-talon ta ɗora a kan katako a kicin. Ta riga ta kalli yadda ake yi a waya: a kife shi, a yanke ƙashin baya ta gefe biyu a cire, a juya shi a danne ƙirjin har ya baje, don wuta ta ratsa ko'ina daidai. A waya abin minti biyu ne. Ita kuwa ta kusa rabin awa da almakashin kicin, ta yi yanka huɗu kacal, a na biyar almakashin ya rabu biyu a hannunta. Hamad ya karɓa da wuƙar yankan albasa, ya dinga sara kamar mai faskare.

Ƙarar saran ce ta fito da Mukhtaru daga ɗaki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, har dai ya kasa haƙuri.

"Ajiye wuƙar nan, za ka ɓata naman mutane," in ji shi. "Munira, ɗauko min tsummana."

Ta ɗauko. Ya zaɓi wata gajeriya mai baƙar ƙota, ya wasa ta a bayan faranti, ya laluba bayan tsuntsun da yatsa har ya sami inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin baya. Nan ya sa bakin wuƙar. Bai yi sara ko ɗaya ba, bin gaɓa kawai yake yi, sai ga ƙashin ya fita ɗungurungum kamar an zare sanda. Ya miƙa wa Munira ya ce ta ajiye, na romo ne. Ya ce haka yake yi wa kaji tun kafin a haifi Munira da Hamad, ba Turawa ne suka fara ba.

Da aka juya talo-talon, ya ɗora tafukansa biyu a kan ƙirjin ya danna. Ƙashin bai motsa ba. Ya sake dannawa, sai numfashinsa ya sarƙe, ya dafa bango yana tari. Hamad ya matso zai karɓa, amma tsohon ya ɗaga masa hannu, ya yafito Munira. Ya nuna mata daidai inda za ta sa gindin tafinta, ya ce kada ta yi da ƙarfin hannu, ta saki nauyin jikinta gaba ɗaya. Ta yi haka. Ƙashin ya ce ƙas, tsuntsun ya baje a kan katakon, cinyoyi a waje, fukafukai a gefe.

Daga nan bai koma ɗaki ba. Aka kawo masa kujera ya zauna. Ya ce a shafe shi da gishiri ciki da waje, a mayar da shi firiji a buɗe ya kwana, don fatar ta bushe. Sannan ya ce ta ɗauko turmi. Yajin siriyarsa ba wanda ya san haɗinsa, domin a gida yake daka shi shi kaɗai, kuma ya daɗe yana jiran ranar da Hamad zai tambaya, Hamad bai taɓa tambaya ba. Ranar sai ya dinga faɗa Munira tana aunawa: citta, masoro, kanumfari kaɗan, kimba, barkono, da busasshen lemon tsami irin na nan ƙasar, wanda ya ce mahaifinsa ne ya ƙara shi. Ya ce ta raba yajin biyu. Rabi a kwaɓa da man shanu a tura ƙarƙashin fata. Ɗaya rabin ne za a haɗa da ƙuli-ƙuli, kuma shi sai an sauke, domin ƙuli ba ya jure doguwar wuta, ɗaci yake yi.

Washegari da ƙarfe bakwai suka kunna murhun. Rana ta riga ta fara zafi, don haka Hamad ya ɗaura tabarma a kan igiyar shanya ta yi masa inuwa. Munira ta saita zafin a digiri ɗari da goma, ta shimfiɗa talo-talon a kan wayar gashi ta cikin murhun, fata a sama, ta soka ɗan ƙarfen awon zafi a tsokar ƙirji, ta rufe. Sharaɗin da ta kafa wa mahaifinta shi ne ba zai wuce bakin matakala ba, inda iska take kaɗa hayaƙin nesa da shi. A nan aka ajiye masa kujera da fanka da butar shayi. Hayaƙin da yake fita ta bututun siriri ne, da ƙyar ake ganinsa, mai ƙamshin itacen tuffa.

Wajen ƙarfe tara da rabi, Hamad yana danna waya, Munira tana tsince shinkafa, sai Mukhtaru ya ajiye kofinsa ya ce wutarsu ta mutu. Hamad ya leƙa gilashin ya ce lamba ba ta sauka sosai ba, na'ura ce, ita take gyara kanta.

"Ni ban san lamba ba, Hamad. Dubi hayaƙin. Ya yi fari, ya yi nauyi. Itace ne yake cin kansa babu harshen wuta. In kuka bar shi, naman zai yi warin toka."

Munira ta buɗe akwatin ƙwayoyin. Daga sama a cike yake, amma da ta sa hannu sai ta ji rami a tsakiya: ƙwayoyin sun maƙale a gefe, ƙarfen ya daɗe yana juyawa babu abin da yake turawa sai ɗan gari. Suka kashe murhun, suka ciro talo-talon suka rufe shi a tire, suka jira ƙarfen ya huce. Hamad ya cire wayar gashin da farantin da yake ƙarƙashinta, ya kwashe tokar da ta cika kaskon da cokali, hannunsa da farar rigarsa duk suka yi baƙi. Kafin wuta ta sake kamawa an ci kusan awa guda. Daga nan Mukhtaru ya sa doka: duk rabin awa a buɗe akwatin a motsa ƙwayoyin da muciya.

Bayan Azahar ɗalibai suka iso, su goma sha ɗaya, Malam Abdulwadud a gaba. Nama bai nuna ba. Hamad ya sauka ya shimfiɗa musu leda a falo, ya kai musu dibyaza, wato haɗin busassun 'ya'yan itace da ake yi a Makka da Sallah, da gahawa da dabino. Mukhtaru ya sauka ya gaisa da su, ya tambayi waɗanda bai sani ba garuruwansu, amma bai fi minti goma ba ya ce su yi masa uzuri, yana da aiki a sama.

A sama Munira ta ƙara zafin zuwa ɗari da saba'in da biyar don fatar ta soyu. Da awon da ta soka a ƙirjin ya nuna saba'in da huɗu ta ce ya yi. Mahaifinta ya ce ta kawo masa ya gani. Ta ɗauko tiren da tsumma ta kai masa bakin matakala. Fatar ta yi ja mai duhu, tana ƙyalli. Ya kama ƙafar ya girgiza, ya ga gaɓar tana lilo, ya soka tsinke a cinya ruwan ya fito garau babu jini. Ya ce wannan karon na'urar ta faɗi gaskiya. Hamad yana son a yanka nan take saboda baƙi, amma tsohon ya ce a rufe shi ya huta minti ashirin, wanda ya jira tun Azahar zai iya ƙara wannan.

Shi ya yanka da kansa, a zaune. Ya cire cinyoyi, ya zare tsokar ƙirji ya yanka ta fale-fale, Munira tana barbaɗa yajin ƙuli da yankakkiyar albasa. Hamad ya sauka da tire biyu, ɗaya nama ɗaya shinkafa.

An ci an kusa cinyewa. Cinyoyin sun yi laushi, hayaƙi ya ratsa su har ƙashi. Ƙirjin ɓangaren da yake kusa da bututu ya ɗan bushe, fatar bayan fukafukai kuma ta yi tauri, sai da aka ajiye ta gefe. Wani ɗalibi ɗan Gusau ya ce rabonsa da talo-talo tun yana firamare. Malam Abdulwadud ya ce wa Mukhtaru, Baba, ashe hannun yana nan. Mukhtaru ya ce ba hannunsa ba ne, shi baki kawai ya sa, aikin na 'yarsa ne. Ya ƙara da cewa kuma a daina kiran abin gashi, wannan banda ce, irin wadda kakarsa take yi wa kifi, sai dai ta zamani. Shi kansa yanka uku ya ci, ba tare da yaji ba, saboda tari.

Da la'asar, bayan an yi addu'a baƙi sun tafi, ya hau sama ya tarar da Munira tana kankare wayar murhun. Ya tsaya daga bakin matakala ya ce mata wani karon a juya tsuntsun bayan awa biyu, ƙafafu su koma wajen bututu, kuma man shanun ya yi kaɗan. Ta ce to. Ya tambaya buhu nawa ya rage, ta ce uku da rabi. Ya kalli murhun, sannan ya ce ranar Juma'a ta sayo kaji biyu, yana son ya ga yadda za su yi a ciki.