Taki Ɗaya a Rana

Bodil ta ɗaga murfin amyar da ƙyar, ta busa hayaƙi, ƙudan zuma suka taso mata buu. Rabonta da buɗe akwatin nan tun watan Afrilu, ranar da santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa ta karye a ƙugu. Ga shi Satumba ta kama, nan da 'yan makonni sanyi zai sauka, ba fure ko ɗaya sai bazara.

Ta riƙa zaro saƙar ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa a rana. Zuma kam maƙil, ƙudaje kuma ba a magana. Amma babu ƙwai, babu tsutsa ko ɗaya. Nan ta san sarauniyar zuman ta mutu, kuma a ƙarshen shekara irin wannan ba mai sayar maka da wata. Amyar da ba sarauniya ba ta ganin bazara. Waɗannan kuwa zuman Babansu ne, shekara arba'in yana kiwon irinsu.

Daga bayan shinge ta ji wata tsawa.

"Kai! A kunne? Allah ya isa tsakanina da ku!"

Tove ce, ƙanwarta, zuma ya harbe ta. Shekara uku ke nan ba abin da ke haɗa su sai ɗaga hannu, tun da Baba ya rasu aka raba lambu biyu, kowacce ta ɗauki amya ɗaya, bishiyar tuffa ta faɗo ɓangaren Bodil. A kan tuffar nan aka ɓata, tsofai biyu da furfura, abin kunya. Ita ma Tove ta watsar da nata zuman, ta tafi birnin Aarhus renon jika tun farkon bazara, sai yanzu ta dawo.

Bodil ta dogara sanda ta leƙa ta saman shingen. "Ba a buɗe su da turare a jiki. Baba ya gaya miki sau ɗari."

"Sannu, malamar zuma. Naki fa?"

Bodil ta so ta ce lafiya ƙalau, amma bakin ya ƙi. "Ba sarauniya."

Tove ta saki kunnen da take murzawa. Ta ɗago saƙa ɗaya daga tata amyar. "Yaya, zo ki gani."

Rabon da a kira ta Yaya har ta manta daɗinsa. Ta sa tabarau ta duba. Ga sarauniya nan doguwa, da ɗigon fenti a baya, tana taku cikin isa. Sai dai jama'arta ba su fi cikin kwano ba, abinci kuma ko na mako biyu babu. Sanyin farko zai gama da su.

"Ke da sarauniya ba talakawa," in ji Bodil.

"Ke kuma da talakawa ba sarauniya. Dama haka kike, tara kaya ba tsari."

Dariya ta kuɓuce wa Bodil, har sai da ta dafe ƙugu. Dukansu sun san maganin, don sun sha ganin Baba yana yi: a ɗora akwati kan akwati, a shimfiɗa jarida a tsakani. Kafin ƙudajen su cinye takardar, warinsu ya zama ɗaya, ba mai kashe wani. Sai a ba su ruwan sukari, a ƙuntata ƙofa saboda ɓera, a bar su su yi barcinsu.

"To ki kawo taki nan," in ji Bodil.

"In kawo? Ke ki kawo."

"Da wannan ƙugun?"

"Da wannan kunnen?"

Gardamar banza ce ma, don zuma ba ya yarda a ɗauke masa gida farat ɗaya. In ka gusar da amya da nisa, masu fita kiwo tsohon wurin za su koma, su taru a ƙasa su mutu. Taki ɗaya a rana, shi ne ƙa'ida.

Tove ta auna da ƙafa daga amyarta zuwa shinge, taki shida. Bodil ta auna nata tana ɗingishi, shi ma shida, kuma daidai gindin tuffar ya tsaya. Suka dubi bishiyar, suka dubi juna.

"Shingen nan fa?" in ji Tove.

"Akwai guduma a ɗakin kaya. Kin san wurin, ba abin da na taɓa."

Katako uku Tove ta ɓalle. Ta ratso ta cikin kafar, ta tsinki tuffa ba tare da neman izini ba, ta gartsa, ta yamutsa fuska. "A kan wannan abu mai tsami muka yi shekara uku?"

"Ai ni ko ci ba na yi. Tsuntsaye ke shanyewa."

Suka zauna a benci da kofi da burodi da man shanu, Tove na nuna hotunan jika, Bodil na cewa hancin na Baba ne sak. Farin ciki ya cika ta har tana jin kunyar kanta. Kwana shida, ta lissafa a ranta: kwana shida Tove za ta riƙa ratsowa kowace safiya. Bayan nan fa?

Suka tashi suka kama amyar Bodil, ɗaya a kowane gefe, suka ɗaga a hankali. Bodil ta sauke nata gefen da wuri.

Tove ta dubi sawun da akwatin ya bari a ciyawa. "Yaya, wannan ai rabin taki ne."

"Ƙuguna ne."

"A haka sai mu yi kwana goma sha biyu."

"Sanyi bai zo ba tukuna," in ji Bodil, tana gyara hularta da ba ta karkace ba.

Tove ta juya ta nufi shinge. Suka ratsa ta kafar shingen zuwa tata amyar, suka kama, suka ɗaga. A rabin taki ita ma Tove ta ce a ajiye.