Ƙwai Ɗari Uku da Filash Ɗaya

Uwar-Kaji, haka duk layin ke kiranta, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Ran nan da hantsi ta shiga ɗakin ƙyanƙyasa da ke bayan gida tana 'yar waƙarta, sai ta ji tsit. Fankar inji ba ta juyawa. Ƙwai ɗari uku ne a ciki, saura kwana biyu su ƙyanƙyashe, ga ma'aunin zafi yana ta gangarowa. Ta ruga wajen injin.

Duk aikin injin nan wata 'yar kwamfuta ce ke yinsa, ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana manne a gefen akwatin. Ita ke kunna ɗumi, ita ke kaɗa fanka. Wuta ta ɗan ƙifta da safe, shi ke nan baiwar Allah ta kwanta ta ƙi tashi.

Nan take ta kira ƙanwarta a waya, wadda ta haɗa injin, wadda a gida ake wa laƙabi da Injiniya.

"Yaya, ki nutsu," in ji Injiniya daga wurin aikinta. "Katin da ke cikinta ne ya mutu. Akwai filash mai jan zare a durowa, na kwafe komai a kansa saboda irin wannan rana. Ki kashe, ki zare katin, ki soka filash, ki kunna."

Ta yi yadda aka ce. Koriyar fitila ta ƙifta sau biyu ta tsaya cak. Ta sake. Ta kuma sakewa. Ko gezau!

Ana haka sai ga mahaifinsu, tsohon direba, ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"Ta ƙi tashi ne? A zamaninmu turawa ake yi."

"Baba, don Allah ba yanzu ba!"

Injiniya ta ce, "Kunna kyamara in gani da idona." Uwar-Kaji ta kanga wayar a gaban kwamfutar. "Tsaya, tsaya. Filash yana rami na biyu. Wannan baƙar igiyar da ke rami na farko fa, ta mece ce?"

"Ba taki ba ce?"

"Tawa? Bi ta mu ga inda ta nufa."

Ta bi igiya ta ƙarƙashin tebur, ta zagaya bayan buhunan abincin kaji, sai ga wayar Baba kwance a kan bulo, an shimfiɗa mata hankici, tana shan caji hankalinta kwance.

Baba ya kurɓi shayi ya kalli rufi. "Wata uku ina caji a nan, ba ta taɓa ƙorafi ba. Duk gidan nan ita kaɗai ce ba a yi mini rububinta."

Injiniya ta fashe da dariya har da tari. "Wayyo cikina! Baba, da tana tashi ne daga katinta, ba ruwanta da kai. Yanzu da babu kati, ramin farko take fara dubawa. Tun ɗazu tana can tana laluben hanyar tashi a cikin hotunan jikokinka da ke wayarka!"

"To ai saura kaɗan wayar ta cika," in ji Baba a hankali.

Uwar-Kaji ta fizge igiyar, ta kashe ta kunna. Fitila ta shiga ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, can sai fanka ta ɗauka, fuuu, ɗumi ya fara hawa. Amma ƙwan sun fi awa ɗaya suna hucewa, kuma Injiniya ba ta ɓoye mata ba: sai dai a jira a gani.

Kwana biyun nan Baba bai sake tsokanar kowa ba. Ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gaban gilashin injin. A kawo abinci ya ce ya ƙoshi, a kawo shayi ya huce a inda aka ajiye. Ita kuwa Uwar-Kaji haushinsa take ji, tausayinsa ma take ji, ta rasa wanda za ta fara nunawa.

Safiyar rana ta biyu tana shanya ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Ke, zo. Zo maza, kada ki yi ƙara."

Wani ƙwai a layin gaba ya tsage, ɗan baki yana ta ƙwanƙwasa. Na kusa da shi ma ya motsa. Kafin azahar ɗakin ya kaure da tsiyau-tsiyau, jiƙaƙƙun 'yan tsaki suna tangaɗi suna taka juna. Uwar-Kaji ta dafa kafaɗar mahaifinta, tana dariya hawaye na zuba.

Baba ya goge ido da bayan hannu, ya yi gyaran murya.

"To, wancan abincin da na ce na ƙoshi," ya ce, "in da saura, a ɗumamo mini. Wallahi yunwa nake ji."