Addu'ar da Ta Ratsa Bango

Sibil ko hannu ba ta tsaya wankewa daga ƙullun burodi ba, ta faɗa gidan maƙwabciyarta, ta haye matakala da gudu. Tun daga ƙasa take jiyo muryar tsohuwar.

"Ina littafina? Jabis, da kai nake!"

Uwargida Tomasin ke nan, jinin sarauta, wadda ta shekara talatin a fada tana yi wa marigayiya sarauniya hidima. Da mulki ya juya, aka hana addu'a da Ingilishi sai da Latin, aka sallame ta, ta dawo wannan lungu. Yau kwana uku ba ta sa komai a baki ba, sai juye-juye take a gado, tana lalubar siririyar sarƙar da ke ƙugunta. Nan take rataye ɗan littafin addu'o'i mai bangon fata, wanda ta rubuta da hannunta da Ingilishi. Yanzu kuwa sarƙar ce kaɗai.

Jabis, ɗan ƙanenta, ya kasa zaune ya kasa tsaye, daga taga sai ƙofa. Ya ja Sibil gefe.

"Jiya na jefa shi murhu tana barci," ya ce a hankali. "Kin ga dai mutum biyun da aka ƙone a kasuwa saboda irinsa. Ina da 'ya'ya, Sibil."

"To, jarumi, je ka faɗa mata da bakinka mana."

"Ba sai ya faɗa ba," in ji tsohuwar. "Tun jiya nake jin ƙaurin fata." Sai ga hawaye. "Addu'ar ƙarshe nake so. Shekara biyu ina gyaranta saboda yau, ga shi ko kalmar farko ta ɓace mini. Haka zan je gaban Sarki, ba abin faɗa?"

Tausayi ya kama Sibil har ta ji haushin kanta. Ita dai ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma Uwargida ta taho da ɗabi'ar fada, ba ta iya zama. A tsaye take rubutu, tana zarya tana nanata kowane layi da ƙarfi. Bangon katako ne kawai tsakanin ɗakinta da inda Sibil ke kwaɓa fulawa. Tsaki kuwa Sibil ta ja ba adadi saboda wannan surutu.

Ta je ta rufe taga, ta ce ita za ta karanto addu'ar da ka.

"Kin haukace?" in ji Jabis. "Idan wani ya ji fa?"

"Sai ka toshe kunnenka, a rage mai ji ɗaya."

Sai ta fara: "Ya Ubangiji, na daɗe a tsaye bakin ƙofarka. Ƙafafuna sun gaji..."

"Sun yi nauyi," tsohuwar ta katse ta. "Na gyara wurin nan bara."

"Bara mura kike, ranki ya daɗe, ba na jin ki sosai."

Uwargida ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta miƙo hannu biyu. "Ku tashe ni. Ba a kwanciya gaban sarki."

"Gwaggo, ba za ki iya ba."

"Shekara talatin na iya."

Suka tallabe ta, Jabis a dama, Sibil a hagu. Ba nauyi a jikinta ko kaɗan. Sibil ta ci gaba: "Idan ka kira ni, kada ka bar ni in tsaya neman takalmi." Leɓun tsohuwar na bin ta a hankali, har suka daina. Sibil ta ji kan ya sauka a kafaɗarta, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Jabis ne ya ce amin, da Ingilishi, da ƙarfi.

Suka kwantar da ita. A gefen baƙar rigarta ga shatin yatsu biyar na garin fulawa, dab da sarƙar.