Zomayen Dokta Wakili da Kaset Ɗin Oshodi

Shekarar da gwamnati ta kwashe komatsanta daga Legas zuwa Abuja, mu ma aka ce mu tashi. Sunana Barira, a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike nake aiki, ƙarƙashin Dokta Wakili, Bazazzagi mai saurin fushi da saurin hucewa. Duk cibiyar babu wanda ya kai shi murnar tashin nan. Shekara da shekaru yana zagin Legas, da gosulon motocinta, da sauronta, har iskarta bai ƙyale ba. Ranar da aka sanar da mu, sai da ya saya wa kowa tsire.

Aikinmu a kan wani feftayid ne. Kada sunan ya razana ku, ɗan guntun furotin ne da jiki ke haɗawa da kansa, masana kuma suna zargin yana da hannu a barci. Zomayenmu mukan raba gida biyu. Wasu a yi musu allurar feftayid, wasu ta ruwan gishiri zalla, sannan a maƙala musu wayoyi a ka, na'ura ta dinga zana motsin ƙwaƙwalwarsu a doguwar takarda. A Legas, inda tagarmu ke kallon tashar mota, abin gwanin sha'awa ne. Masu feftayid su miƙe ƙafa su yi ta sharar barci, masu ruwan gishiri kuwa kunnuwa a tsaye, suna ta zabura. Dokta ya ɗora rayuwarsa kacokan a kan wannan bambanci.

A Abuja aka ajiye mu a wani gini kan hanyar Jiwa, tsakiyar gonakin dawa, wai kafin a gama namu. Ba ka jin komai sai kukan kurciya. Muka yi gwajin farko, zomaye suka kwanta. Duka fa! Da masu allurar gaske da masu ruwan gishiri, har da wani tsoho mai cizo da muke kira Kwandasta. Muka sake, suka sake barci. Zanen na'ura ya fito iri ɗaya sak.

Ana cikin haka labari ya zo cewa sabon ginin ba zai ɗauke mu duka ba. Kwamiti zai zagayo ya ga aikin kowane sashe da idonsa, wanda bai nuna abin kirki ba a rufe shi, a rarraba mutanensa ofisoshi. Ni dai ko ina aka kai ni zan ci tuwona, amma Dokta in ka raba shi da zomayen nan ka zaunar da shi gaban fayil, ka gama da shi.

Dokta ya zargi firjin da muke ajiye feftayid. Ya zargi harawar da manoman Jiwa ke sayar mana. Ni ma ya zarge ni, wai ko na haɗa kwalaben, na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ba ni haƙuri. Rannan ya ɗauko kwano da cokali ya yi ta bugawa a kan kejin. Kwandasta ya buɗe ido ɗaya ya dube shi, ya mayar ya rufe. Zomon da ya girma a bakin tasha ne kwano zai tayar wa hankali? Dokta ya rame, idanunsa suka yi zuru-zuru, ya ce min tun da muka zo bai samu barcin kirki ba. Na ce tunani ne ya yi masa yawa.

Wata rana da hantsi muna zaune a baranda, ya ɗaga yatsa.

"Barira, kin ji?"

"Ban ji komai ba, Dokta."

"To ai shi ne!" Ya miƙe zumbur. "Abin nan ba barci yake sawa ba, firgici yake kwantarwa. A Legas hayaniya ce ke hana su sakat, mai allura ya samu sauƙi, marar allura ya kwana a tsaye. A nan wa zai firgita su? Kurciya?"

Ashe mun kwaso komai, har tsintsiya, mun baro rabin gwajin a bakin taga.

Akwai wani direba, Ɗangoggo, da ke jigilar kabad-kabad na cibiyar daga Legas. Dokta ya ba shi rikoda da sabon kaset, ya ce in ya je Legas ya tsaya ƙarƙashin gadar Oshodi ya danna.

"Ranka ya daɗe, waƙa zan ɗauko ko wa'azi?"

"Hayaniya."

Ɗangoggo ya dube ni, na kau da kai. Amma ya cika aiki. Kaset ɗin ya zo da hon, da ihun kwandastoci, da masu talla, da janareta, har da wani dambe da aka fara bai ƙare ba. Muna kunnawa masu ruwan gishiri suka miƙe kunnuwa, Kwandasta ya hau cizon waya. Masu feftayid ko gezau. Dokta ya rungumi rikodar nan, wallahi sai da na ga ƙwalla a idonsa.

Kwamiti ya iso bayan azahar. Shugabansu Alhaji Nababa, Bakano ne amma a Legas ya yi kusan duk aikinsa, sai Madam Mabel daga ma'aikata, da wani dogo. Dukansu idanu jajur. Muka ba su kujeru, Dokta ya gyara farar rigarsa, ya yi min alama na danna.

Oshodi ta cika ɗakin. Zomaye suka yi abin da ake so, ba su taɓa yi da kyau haka ba. Dokta ya juya ga na'ura yana bin zanen da biro, yana ta kwararo bayani. Ni da nake fuskantar baƙin na ga abin da ke faruwa, na rasa yadda zan yi. Da ya juyo don ya karɓi tambayoyi, hular Alhaji ta zamo kan hancinsa, yana munshari. Madam ta jingina da bango, takalmi ɗaya a cire. Dogon nan har da miyau.

"Tashe su," Dokta ya raɗa min.

"Ni? In tashi shugaban kwamiti? Kai ka tashe su."

Muna wannan ja-in-ja kaset ya kai ƙarshe, ya yi ƙas. Ɗaki ya yi tsit. Nan take Alhaji ya zabura.

"Wa ya kashe?"

Ya gyara hula, ya yi miƙa, ya yi hamdala. "Dokta, tun da na baro Legas ban yi barci irin wannan ba. Gidan da aka ba ni a Garki, ko kare ba ya haushi."

"Oga, ni ma haka," in ji Madam tana laluben takalmi. "Wannan Abuja shiru ya yi yawa, mutum ba ta iya barci. Dokta, wannan research naka very good."

"Ranka ya daɗe, ai ba ku ga zomayen ba. Bari in sake..."

"Mun gani, mun gani."

"Shi feftayid ɗin..."

"Shi ma Allah ya yi masa albarka. Sashenka yana nan daram, ba mai taɓa shi." Alhaji ya miƙa hannu ya buɗe rikoda da kansa. "Wannan zan ɗan riƙe shi."

Ya sa a aljihun babbar riga suka fita. Dokta ya tsaya riƙe da doguwar takardarsa, mafi kyawun zanen da ya taɓa samu, ba wanda ya ko kalla. Ya ci nasara, amma tausayinsa ya kama ni sosai.

Ɗangoggo ya sake komawa Oshodi. Kafin wata ya zagayo, sunan sashenmu ya koma ofishin kaset. Manyan daraktoci su taso tun daga Garki da sabon kaset a hannu a kwafa musu, Dokta ya ja kowanne zuwa gaban keji yana bayani, su kuma suna duba agogo.

Wata la'asar na dawo daga salla na tarar rikoda na ta ihu, Kwandasta na cizon waya. Dokta Wakili, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsine wa Legas, ya kifa kai a kan takardar na'ura, baki buɗe, yana barcin da ban ga ya yi ba tun da muka zo garin nan. Na ga kaset ya kusa ƙarewa. Na lallaɓa na tsaya kusa da rikodar, yana yin ƙas na juya masa ɗaya gefen.