Kunnen 'Yata Inci Biyu Ne

Ranar da na kai 'yata makarantar renon yara ta bakin layinmu, shugabar ko takardunmu ba ta buɗe ba. Kan yarinyar ta kama, ta juya shi hagu da dama kamar mai zaɓen kankana.

"Maman yarinya, sai haƙuri. Ba ma ɗaukar masu manyan kunne."

"Saboda me, Malama?"

"Kwasar zance suke yi su kai gida. Kowa ya sani."

Na ce wa ya fara sani? Ashe shekara shida da suka wuce wani ɗalibi mai faffaɗan kunne ne ya gaya wa uwarsa malamar ajinsu tana barci a kan tebur.

"To, tana barcin?"

"Ba shi ne zancen ba."

Ni tela ce. In ban samu inda zan ajiye yarinyar nan da safe ba, a gindin keke za ta wuni, kuma ranar Talata na zaro allura daga bakinta. Sai na ciro tef daga jaka na auna kunnenta: inci biyu cif. Na roƙa aka kawo 'yan ajin su goma sha ɗaya, huɗu sun fi ta. Shugaba ta ce nasu a kwance suke, na tawa a tsaye.

"Naki fa, Malama?"

Ta ƙara jan ɗankwalinta ƙasa, ta ce tana da baƙi.

Ɗankwalin nan ne ya ba ni dabara. Cikin kwana biyu na ɗinka huluna goma sha biyu masu rufe kunne, da maɓalli a haɓa. Na sa wa yaran duka har da tawa, na jera su a bango.

"Bismillah, nuna min wadda ba za ki ɗauka ba."

Ta zagaya sau uku, ta nuna 'yar ƙanwarta. A ranar aka rubuta sunan 'yata.

Yau wata guda ke nan. Malamar ajin ta daina barci, don ba ta san wa za ta sa wa ido ba. Jiya na tambayi yarinyar me aka koya musu.

"Ban ji ba, Mama. Da hula."

Na karɓo hulunan, na ce wanki zan yi. Zan huda kowacce daidai kunne, in riƙa faɗaɗa hujin duk mako, har ranar da za a ga kunnuwan duka a waje ba wanda ya lura.